Yadda Na Mayar wa Mista Fung Gogensa

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ke kai matafiyi, shi ne ke dawo da shi.

A shekarar da aka sauya takardun naira, wadda mai shi da mara shi suka haɗu a layi ɗaya a ƙofar banki, a cikinta ne Allah ya nufe ni da zuwa Ingila, bayan babbar salla da 'yan makonni. Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Wani ya tambayi sanyi, wani ya tambayi abinci, amma na lura duk wanda ya zo, in ya gama kewaye-kewayensa wuri ɗaya yake sauka: wai da gaske an gan ni a filin jirgi rungume da goge? To, da gaske ne. Don bakina ya huta na zauna na rubuta labarin da ajami, ɗana ya juye shi da boko, mai tambaya ya karanta da kansa.

Sai na ɗan koma baya. Kafin in zama mai jan salla a masallacin unguwa, ina saurayi na yi shekara biyar ina aiki a wani kamfanin kwano a Kano, inda ake yin langa da fanteka da daro, irin waɗanda iyayenmu mata ke jere da su. Masu kamfanin mutanen Hong Kong ne. An sa ni ɓangaren zane saboda an ga hannuna ya saba da alƙalami. Shugaban ɓangaren shi ne Mista Fung, mu kuwa Masta muke ce masa. Shi ke zana fure a takarda, mu mu huda shi a jikin faifan gwangwani, a ɗora faifan a kan kwano a fesa launi, a kai wuta. Mutum ne mai faɗa a kan makara, mai kirki a kan komai ban da ita. In an tashi aiki yakan zauna a bayan ɗakin zane ya ɗauko wani goge na ƙasarsu, mai dogon wuya da tsirkiya biyu, an rufe bakinsa da fatar mesa, ya yi ta gogawa shi kaɗai.

Wata rana aka aiko masa mahaifinsa ba lafiya. Ya ce zai je ya dawo bayan wata uku, ya miƙo mini gogen ya ce in ajiye masa. Ni kuwa ɗan gidan malamai, an koya mana ba a karɓar ajiya da baki kawai, sai na yagi takarda na rubuta masa da ajami, na ninke na ba shi. Ya tafi. Bayansa kayan aiki suka daina shigowa, aka rufe ɓangarenmu, wata uku ya zama shekara arba'in.

Ranar da na kai gogen gida mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana dubansa daga nesa. Sannan ya ce goge ba ya kwana a gidansa, amma amana ba ta kwana a waje. Aka rasa yadda za a yi, sai shi da kansa ya yanke hukunci a naɗe shi a tabarma a soke a azarar zaure, ba ciki ba waje. Shekara goma sha ɗaya yana can. Bayan rasuwarsa na sauke shi, na tarar ɓera ya cinye fatar tas, sai ɗan bakin da ya saura. Na rasa inda zan sa kaina. Na saka shi a buhu na tafi wani ƙauye da ba a san ni ba, wajen wani mai haɗa goge ana ce masa Ɗan'azumi. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce shi bai da fatar mesa, kuma goge na ƙwarai da fatar guza ake rufe shi, don haka guza zai sa. Ya kuma ga bakan gogawar a saƙale tsakanin tsirkiyoyin nan biyu, ya ce wane mara tausayi ne ya cusa shi haka, ya kwance ya raba su. Na dawo da abin ya yi kyau a ido, amma na san ba abin da aka ba ni ba ne. Wannan ya tsaya mini a rai shekaru.

Yadda aka gano Masta kuwa, ikon Allah ne. 'Yata Bilkisu likita ce a Manchester. Takan tafi asibiti da abinci a wata 'yar langa ta mahaifiyarta, mai jan fure. Wata nas 'yar Hong Kong ta gani ta ce kakarta na da irinta sak. Magana ta ja magana, ashe 'ya'yan waɗanda suka yi aiki a Najeriya suna da zumunci a waya, da yawansu kuma sun ƙaura Ingila a 'yan shekarun nan. Ba a yi wata biyu ba Bilkisu ta bugo ta ce, "Abba, Mastanka na nan da rai a Birmingham, wajen 'yarsa. Shekararsa tamanin da uku, kuma jikin sai a hankali. In za ka zo, ka zo." Daga ranar na fara neman biza.

A filin jirgin Kano asirina ya fara tonuwa. Na naɗe gogen a sabon bargo na ɗaure da igiya, ina riƙe da shi kamar sanda. Da ya bi ta cikin na'ura, sai mai duba kaya ya ce sai an kwance. Aka kwance a gaban jama'a, ga ni da rawani da carbi. Ina ɗaga kai sai ga Alhaji Ɗanlami mai hula, wanda shekara ashirin yana salla a bayana, za shi Umara. Ya dubi gogen, ya dube ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe da sana'a a hannu ba mu sani ba." Na ce ajiya ce. Ya ce, "Haka ne, haka ne," irin haka ne ɗin da ke isa unguwa kafin jirgi ya tashi.

Muka sauya jirgi a Alƙahira. Ban sa gogen cikin kaya ba don tsoron karyewa, sai ma'aikaciyar jirgi ta karɓa ta jingine shi inda suke rataye rigunansu, ya yi tafiyar da ta fi tawa daɗi. Wanda ke kusa da ni wani Bayarabe ne mai sayar da kayan mota, ya ci nasa abincin ya ci rabin nawa, ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa tun daga farkonsa.

Da muka sauka Manchester na bi ƙofar masu abin bayyanawa, don ina ɗauke da kilishi, kuma Bilkisu ta ja mini kunne in faɗi duk abin da na zo da shi. Wata jami'a mai fara'a ta buɗe jakata. Ta karɓe kilishin ta ce nama ba ya shiga, ta shinshina daddawa ta yi baya, ta bar mini ita da yaji da kuka da goro. Sai ta tambaye ni ko duk kayan nan nawa ne. Turancina na kamfani ne, amma ya isa faɗin gaskiya. Na ce duk nawa ne ban da wannan. Fara'ar ta ragu. Ta ce wani ne ya ba ni in ɗauko masa? Na ce wani ne ya ba ni. Ta ce wa? Na ce wani mutumin Sin. Ta kira abokin aikinta, aka kai ni wani ɗaki, aka zo da kare. Ni dai tattare rigata nake kada ya taɓa ni, alwalata ce a raina, su kuwa suka ɗauka rawar jiki nake. Sai can namijin ya tambayi yaushe aka ba ni. Na ce shekara arba'in ke nan. Ya ce kwana arba'in? Na ce shekara. Suka dubi juna, macen ta juya baya tana ɓoye dariya. Aka leƙa cikin gogen da fitila, aka miƙo mini, har namijin ya taya ni ɗaure bargon. Na fito na tarar da Bilkisu ta yi awa biyu tana safa da marwa. Da ta ji abin da na faɗa ta dafe kai ta ce, "Abba, a duk duniya wannan ce tambayar da ba a amsa ta haka." Na ce to nawa ne? Ta karɓi jakata ta yi gaba.

Su Bilkisu suna zaune a wata unguwa ana ce mata Longsight. Gidaje ne a manne da juna, jan bulo, iri ɗaya kamar haƙoran mataji, ba zaure ba tsakar gida, ƙofar titi tana buɗewa sai ga ka a falo. Na ce da a nan mahaifina ya zauna, ban san inda za a soke goge ba. Amma unguwar ba ta yi mini baƙunta ba: ga mahauta Musulmi, ga kasuwa mai kuɓewa da doya, ga masallaci tafiyar minti biyar, sahu ɗaya ka ga ɗan Pakistan da Basomale da Bature. Abin da ya dame ni rana ce, ba ta faɗuwa sai ta gaji don kanta, kuma ba mai zuwa gidan wani sai ya bugo waya ya nemi izini. Kwana uku ina gaida duk wanda na gamu da shi a titi. Mutum ɗaya ce ta amsa da kyau, wata tsohuwa a wajen jiran bas, ita ma a kan ruwan sama ta tsaya.

Jikata Hanan, wadda nake kira amaryata, ba ta jin Hausa sai ta neman abinci. Ranar da na iso daga tsaye ta gaishe ni, hannu ɗaya riƙe da waya. Da yamma na tarar da ita da uwar sun duƙufa a kan wani wasan kwaikwayo na mutanen Koriya. Na zauna don in yi faɗa, sai na ga yaro a ciki ya rusuna wa babba har ƙasa, ya miƙa masa shayi da hannu biyu, ya kawar da kai kafin ya sha nasa. Na ce wa Bilkisu ta gaya wa amaryata, abin da take kallo da kuɗin wuta, a gidan kakanta kyauta ake koyar da shi. Washegari ta zo ta rusuna mini irin na Koriya tana dariya. Na ce na karɓa, da babu gara ba daɗi.

Na kuma yi wani bincike nawa a gidan. Muna yara abu in an ce na Ingila ne an gama magana, kayan Japan kuwa raina su ake, a ce ba sa ƙarko. Muna ji muna gani rediyon Japan da babur ɗin Japan suka zama abin alfahari, zagin ya koma kan ɗan Taiwan, daga nan ya koma kan ɗan Caina. To, ga ni a Ingilar da kanta, na bi butar shayi da agogon bango da dutsen guga ina kifawa ina dubawa, ban sami na Ingila ko ɗaya ba. Talabijin na Koriya, mota ta Japan, sauran duk Caina. Surukina Kabiru, wanda akanta ne, ya same ni riƙe da butar a kife, kunya ta hana shi tambaya, ni ma ta hana ni bayani.

Ranar Asabar muka kama hanyar Birmingham. Da jirgin ƙasa aka shirya, sai aka ce ma'aikatansa na yajin aiki, na ce ashe har nan. Kabiru ya ɗauke mu a mota, ni a gaba, gogen a kan cinyata, Bilkisu a baya. Ban taɓa zama awa biyu kafaɗa da kafaɗa da suruki ba. Ya tambaye ni ko sanyin motar ya yi yawa, na ce a'a. Bayan rabin awa ya sake tambaya. Wata mata ce a cikin na'ura ke ta magana tana nuna hanya, ita ta rufa mana asiri.

A nan na gaya wa Bilkisu maganar fatar, wadda ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Ta ce da jami'an nan sun san fatar mece ce da har yanzu muna can ana neman takardu. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Abba, mutumin nan ya tsufa, 'yarsa ta ce idonsa ma ya yi rauni, kuma tun da ya ji za ka zo yake ƙirga kwana. Ba ƙarya za ka yi ba. Ka miƙa masa kawai ka yi shiru." Maganar ta shige ni. Na ce a raina, in na faɗa na ɓata wa tsoho rai a ƙarshen rayuwarsa, in na yi shiru na yi tafiyar banza, na kai itace na dawo da nauyin. Ina cikin wannan muka shiga wata gada a bakin Birmingham wadda ta cukurkuɗe kamar taliya a tukunya, kuma wai sunan da 'yan garin ke kiranta ke nan. Sau biyu Kabiru na kuskure mafita, matar na'ura na ta haƙuri da shi.

'Yar Masta, Mei, ce ta buɗe mana, mace mai kamar shekara hamsin. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar a gida, wannan ya kwantar mini da hankali. Ga Masta a kujera kusa da taga, ya ƙanƙance, gashi fari fat, sanda a gefensa. Ya ƙura mini ido, ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, ya ce da Hausarsa ta kamfani:

"Habibu. Ka makara aiki."

Na ce, "Masta, keke ne ya yi faci."

Uzurin da nake ba shi ke nan kowace Litinin. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa na durƙusa na riƙe hannunsa.

Ya hana a kwance bargon sai an ci abinci. Mei ta ce sabuwar tukunya ta saya saboda mu, kifi ne da ganye da shinkafa. Aka ba ni tsinkayen nan biyu da suke ci da su. Na kama na farko kamar alƙalami, na biyun ya ƙi bin umarni, kifin ya tsere mini har sau uku. Masta ya ajiye nasa, ya ce a kawo ruwa, ya wanke hannu ya dunƙula shinkafa irin ta Kanawa, 'yarsa na kallonsa kamar ba ta san shi ba. Na fito da tsaraba. Goron ya ɓare ya jefa a baki ya yamutsa fuska ya ce har yanzu ba daɗi, ya ƙara wani. Daddawa kuwa ya daɗe yana shinshinawa, ya sa aka ɗauko wani baƙin wake nasu da ake ruɓarwa, na shinshina, wallahi 'yan uwan juna ne.

Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da faɗa, don haka sauran hirar da Turanci aka yi, Bilkisu na cike mini inda na rasa. Ya sa aka sauko da wani daro daga kan kabad, na gane furen tun daga nesa, don da hannuna na huda irinsa ya fi sau ɗari. Na ce shekara biyar ina yinsa ban san sunansa ba, mu furen langa muke cewa. Ya ce a wajensu shi ne sarkin furanni, alamar arziki da daraja, masu zanensu sun fi shekara dubu suna zana shi a siliki da tangaran kafin ya sauko kan kwanon talaka. Ya ce a ƙasarsu ma a da amarya ba ta tarewa sai da daro mai wannan furen. Sana'ar kwanon daga Shanghai ta taso, yaƙi ya koro masu ita zuwa Hong Kong, shi a nan ya koya, da suka ga rabin kwanukansu Afirka ta Yamma ake kaiwa sai suka ɗauko injinan suka biyo kwanukan. Amma ya ce matan Kano ne suka gyara masa hannu. Shi an koya masa a bar fili a zane, furen ya sha iska, dillalai kuwa suka riƙa dawo da kaya suna cewa mata sun ce an yi rowar fenti. Mei ta ƙara da cewa a Birmingham ɗin nan ma an taɓa yin zamanin da ake ƙera farantai ana shafa musu baƙin fenti mai sheƙi don a kwaikwayi na Japan. Na ce ashe kowa ɗan Taiwan ɗin wani ne.

Aka kwashe kwanuka. Masta ya miƙo hannu biyu wajen bargon. Bilkisu ta dube ni. Na ɗora gogen a cinyata na riƙe igiyar, na ce ta fassara duk abin da zan faɗa kada ta rage. Na faɗi zaure, na faɗi ɓera, na faɗi Ɗan'azumi da guza. Na ce abin da aka ba ni ba shi na kawo ba, in ya yafe don Allah, in bai yafe ba yana da gaskiya.

Masta ya karɓi gogen ya ɗora a tasa cinyar. Ya kwance igiyar da kansa, a hankali. Ya shafa wuyan gogen tun daga sama har ƙasa, ya kai fatar kusa da idonsa, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kai kunne. Sai ya laluba cikin bargon ya zaro bakan shi kaɗai a ware, ya ɗaga shi sama, ya tambayi wa ya raba su. Na ce mai gyaran ne, ya ga ya saƙale. Nan Masta ya fashe da dariya, ya faɗa wa Mei da yarensu ita ma ta kama. Ashe haka ake yinsa, gashin bakan a tsakanin tsirkiyoyin yake zama har abada, a tura a goga ɗaya, a jawo a goga ɗayar. Ɗan'azumi aure ya kashe.

Da ya nutsa ya ce in daina damuwa da ɓera. Fatar mesa in ba a kaɗa ta mutuwa take, da wuya ta kai shekara arba'in a zafin Kano ko da ɓera ko babu. Ya ce shi wannan goge tun asali baƙo ne a ƙasarsu, makiyaya mahaya dawaki na arewa ne suka shigo da kakansa tun zamanin da, sunansa ma na nufin abin baƙi mai tsirkiya biyu. Da siliki ake yi masa tsirkiya, a zamaninsa aka koma waya. Ya daɗe yana hannun makafi masu bara da mawaƙan gidan shayi kafin ya shiga makarantu. Sannan ya tambaye ni ko na san abin da ya sa bai tafi da shi gida ba a wancan lokacin. Na ce na ɗauka kaya ne suka yi yawa. Ya ce a'a, mahaifinsa ne ya rantse ba za a shigar masa da kayan mabarata gida ba. Na ba shi labarin hukuncin nawa mahaifin. Ya ce da tsofaffin nan biyu sun haɗu da sun sha shayi tare.

Ashe tun da ya ji zan zo ya sa Mei ta sayo sababbin tsirkiyoyi. Ita ta ɗaura, yana ba ta umarni yana faɗa kamar muna kamfani, aka mayar da bakan ɗakinsa. Ya kafa gogen a cinya ya ja. Kukan farko kamar an taka kyanwa. Ya murɗa, ya sake ja, sai ga murya ta fito, amma ba siririyar nan da na sani a bayan ɗakin zane ba, wata ce mai kauri da ɗan dusashewa. Ya yi kamar minti biyu, hannun ya gaji, ya tsaya. Ni ban saba sauraron goge ba, kuma ba yau zan fara ba, amma ban toshe kunne ba. Ya dubi gogen ya ce da Hausa, "Ya zama Bakano." Mei ta fita ɗakin girki ta daɗe ba ta dawo ba.

Na ce saura abu ɗaya, takardar da na ba shi, in tana nan. Ya ce wace takarda? Na kwatanta. Ya zaro walat daga aljihu, ya fito da wani abu a naɗe cikin leda, ya yi laushi kamar tsumma. Mei ta ce ai wannan layar Babansu ce ta Afirka, ba ya rabuwa da ita, da ita aka shiga da shi tiyata sau biyu, da ita ya hau jirgin zuwa Ingila. Shi a zatonsa addu'ar tafiya na rubuta masa, don ya sha ganin leburori na zuwa wajena in rubuta musu, kuma ninkin laya na yi mata, don shi kaɗai ne ninkin da hannuna ya iya. Na buɗe a hankali, ga rubutuna na ƙuruciya, na karanta musu: Ni Habibu ɗan Malam Isa na karɓi ajiyar goge ɗaya lafiyayye daga hannun Mista Fung, zan mayar masa ranar da ya nema, Allah ne shaida.

Na ce, "Masta, rasit ne."

Kabiru, wanda tun safe bai yi dariya a gabana ba, ya tashi ya fita waje don ya yi ta. Masta ya karɓe takardarsa ya mayar cikin leda ya ce, "Rasit mai kyau. Ya yi aiki." Ya ce ba zai bayar ba. Na ce a ƙa'idarmu in an mayar da ajiya sai a karɓi takarda, muddin tana hannunsa, gobe ƙiyama shaida ce a kaina. Ya ce, "To, kai ka sani." Bilkisu ce ta raba gardamar, ta ce tun da addu'a yake so, a rubuta masa addu'ar a yi musaya.

Aka kawo kayan rubutunsa. Tawadarsu sanda ce, baƙin hayaƙi ne da danƙo, kamar yadda tamu take gawayi da ƙaro, sai dai su busar da ita suke, a ɗiga ruwa a kan wani dutse a yi ta niƙawa. Shi ya niƙa mini da kansa. Na tambayi gashin burushin na wace dabba ne, aka ce akuya, na ce bismilla. Na ɓata takarda biyu, kowane harafi ya fito kamar ya sha kunu ya ƙoshi, yana ta cewa, "Ba kyau, sake." Sai na zaro alƙalamina na kara daga aljihu na tsoma a tawadarsa. Da Hausa na rubuta, layi bakwai. Abin da na roƙa masa tsakanina da Ubangijina ne, amma wannan karon addu'a ce. Na jira ta bushe na yi mata ninkin da ya sani.

Ya saka ta a ledar, ya shimfiɗa tsohuwar a kan tebur. Ya sa Mei ta ɗauko wani ɗan hatimi na dutse mai sunansa, irin wanda suke bugawa a ƙasan zane in an gama shi. Ya dangwala shi a jar tawada, ya danna a ƙarƙashin rubutuna, ya jingina da duk ɗan ƙarfin da ya rage masa. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu, ya dubi agogonsa.

"Shi ke nan, Habibu. An tashi aiki."

Na karɓa da hannu biyu. Tana nan cikin gafakata, kuma Alhaji Ɗanlami na fara nuna wa.